Tsohon akwatin kifi mai firam ɗin ƙarfe: abin da ya sa ba a shafa masa silikon a sama

Jiya da aka kawo tsohon akwatin kifin nan mai yoyo, ka ce: "Maigida, me zai hana mu bi kusurwoyin da silikon mu sallami mai shi?" Jawo kujera, ɗana. Wannan ba irin wanda ka saba haɗawa ba ne.

Namu na yanzu gilashi biyar ne, silikon ke riƙe da su, shi ne ƙashi shi ne jijiya. A wannan kuwa ƙarfe ne ke ɗaukar nauyi. Gilashin zaune kawai yake cikin firam a kan baƙin danƙo, ruwan ciki yana tura shi waje yana matse danƙon. Wato ruwa ne ke toshe wa kansa hanya. Muddin akwatin na cike sai ya yi shekaru bai ɗiga ba, amma a juye shi a jefa sito, danƙon ya bushe ya tsattsage. Ka ji mai shi ya ce tun rasuwar mahaifinsa ba a zuba masa ruwa ba. Ciwon ke nan.

Danƙon iri biyu ne. Na farko irin na tagogin da ne, alli da man linsid, wasu su ƙara jar dalma don ya yi ƙarfi. Daga baya aka koma haɗi da kwalta, kamar na wannan akwatin. Mai kwalta yana da daɗin sha'ani: wani lokaci ka cika shi da ruwa mai zafi ka bar shi ya kwana, kwaltar ta yi laushi ta like tsagar. Zafin da hannu zai iya jurewa fa, tafasasshe fasa gilashi yake yi. Da wannan za mu fara, don ba ya cin ko sisi.

Ƙwanƙwasa gindin. Dutse ne, sileti, irin na allon 'yan makaranta na da. Kamfanin Metaframe na Amurka ya yi irinsu da yawa a shekarun 1950 da 1960. Kafin na'urar ɗumama ruwa mai lantarki ta yaɗu, masu kiwo a Turai ƙaramar fitila suke kunnawa ƙarƙashin dutsen, abin da gilashi ba zai jure ba. Silikon ya shigo a shekarun 1960, ya kashe kasuwar firam.

To ga amsar tambayarka. Silikon ba ya kama kwalta, ba ya kama maiƙo, shi kuma dutsen nan ya sha maiƙo ya ƙoshi. Ka shafa yau, ya yi kyau a ido, bayan kwanaki ya ɗago kamar saɓar maciji, ruwan ya malale a falon mutane, sunanmu ya ɓaci. In ruwan zafin bai yi ba, sai mu kankare danƙon ciki da reza, mu goge da sifirit har gilashi ya yi ƙara a yatsa, mu yanka gilashi mai kaurin milimita 6 mu shimfiɗa kan dutsen. Silikon ya haɗa gilashi da gilashi, dutse ya zama ado. Ka sayo mai warin ruwan tsami, ban da na banɗaki mai maganin fumfuna, wannan guba ne ga kifi. Kada ka goge tsohon danƙo da sanfefa ka shaƙi ƙurarsa, kuma ka wanke hannu kafin tuwo, saboda dalma.

Wani abu kuma, mai shi ya ce tsohonsu ba ya canja ruwa, har ya yi jaja-jaja. Haka mutanen wancan zamanin suka yi imani, tun da masanin kimiyya Robert Warington ya nuna a Landan a 1850 cewa tsiro da kifi suna iya rayar da juna a ruwa ɗaya. Sun yi daidai a rabi: kifayensu kaɗan ne, tsiro da yawa. Amma kashin kifi na rikiɗa ya taru a ruwa, ba ya bin tururi. Ka gaya masa ya riƙa ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ruwan famfo kuma ya kwana a bokiti kulorin ta fita.

Lita 60 kilo 60 ne, ban da dutse, saboda haka kada ka ɗaga shi da ruwa a ciki. Shimfiɗa tsohuwar jarida a waje, ɗora shi a kai, ka je ka ɗora ruwan.