Sabar da ke cinye lambobin IP

Sani, na ji bayaninka. Ka ce sabar da ke ofishin nan na Unguwar Rimi ta kwashe lambobin IP, wato adireshin da kowace na'ura ke riƙewa a layi, har firinta da kwamfutar mai karɓar kuɗi suna sauka daga layi, kuma kana tambaya ko ka goge jerin lambobin da rauta ta raba wa na'urori, ka kashe komai ka sake kunnawa. Kada ka goge. Jerin nan shi ne shaidarka. In ka share shi, jibi matsalar ta dawo, ba ka da abin da za ka duba, kuma kai za su ɗora wa laifi.

Tambayar farko ita ce: lambobin nan roƙonsu sabar ta yi aka ba ta, ko kuwa amsawa kawai take yi in an kira su? Buɗe jerin DHCP, wato wancan jerin na lambobin da rauta ta raba. In suna ciki, roƙa ta yi, sai ka dubi lambar MAC da ke gefen kowace, wato lambar shaidar katin sadarwar na'urar da ta roƙa.

In ka ga guda goma a jere kuma sabar Windows ce, ka zargi Routing and Remote Access, sashen Windows da ke ba mutane damar shigowa layin ofis daga nesa. Haka aka gina shi, yana karɓar lambobi goma a lokaci guda ya ajiye wa masu shigowa ta VPN, wato killatacciyar hanyar shigowa daga waje ta intanet, ko da babu wanda ya shigo. In ba sa amfani da shi a kashe, in suna yi a ware masa nasa lambobin a wajen waɗanda rauta ke rabawa.

In kuwa lambobin MAC ɗin sun bambanta, farkonsu zai gaya maka mai su. 00:50:56 da 00:0C:29 na VMware ne, 00:15:5D na Hyper-V, 52:54:00 kuma na KVM, duk manhajojin da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta. Ka ga ke nan akwai ƙananan kwamfutocin da ke zaune cikin sabar, kowace da haƙƙinta, ba sata suka yi ba. Kada kuma ka manta da ɗan katin kula da sabar daga nesa, wato iDRAC a injin Dell ko iLO a na HP. Yana da tasa MAC, kuma yana riƙe lamba ko an kashe sabar muddin filogi na jone da wuta. Da yawa daga cikin yaranmu nan suke ruɗewa.

Mai wuyar ita ce in lambobin ba sa cikin jerin sam. To nan ARP ne, wato kiran da na'ura ke yi a layi tana tambayar wa ke da lamba kaza. Ka sa umarnin tcpdump -e -n arp a laftof ɗinka don ka ga kiran da amsoshinsa, ka kira lambar firintar da umarnin arping, ka ga wa ya amsa. In MAC biyu suka amsa, ka kama shi. Na taɓa yin kwana biyu a wani kamfani a Kakuri ina canza kebul, ashe wanda ya haɗa musu VPN ya bar proxy_arp a kunne cikin Linux, sabar tana amsawa a madadin lambobin da take ganin hanyarsu ta wata ƙofarta ce, wato wani wurin jona kebul ɗinta. Har yau ina tuna yadda ma'aikatan suka zauna ba aiki, shi ya sa nake matsa maka kan wannan. Duba /proc/sys/net/ipv4/conf/all/proxy_arp da na kowace ƙofa, in ka ga 1, a kunne yake, ka nemi dalili. Haka nan in an jona ƙofofi biyu na sabar a suwic ɗaya, Linux kan amsa duk lambobinta ta kowace ƙofa. Gyaransa a saitin Linux ne, arp_ignore ya zama 1, arp_announce ya zama 2.

Ka je bayan La'asar in sun rage aiki, ka sanar da manaja kafin ka taɓa sabar. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka rubuta yadda ka same shi a littafinka. Amma tukuna ka ɗauki hoton jerin DHCP ɗin ka turo min ta WhatsApp, mu duba tare.