Abin da ya sa lemon furenka ya fito da ɗanɗanon sabulu

Yarona, ka ce ka gwada haɗa lemon tsami da furen lafanda, tsiron nan mai ƙamshi da fure shunayya, a gida, ya fito da ɗaci, yana ƙamshi kamar sabulun wanka, har ka kasa ba kowa. Ka kuma ce ka zuba furen a tukunya tare da sukari, ka bar shi ya yi ta tafasa don ƙamshin ya fito sosai. To, a nan aikin ya ɓaci.

Fure ba ya son wuta. Ƙamshinsa wani mai ne mara nauyi da ke cikinsa, kuma da zarar ruwa ya tafasa, mai daɗin ne ke fara bin tururi ya tafi. Abin da ke saura a tukunya shi ne ɗaci da bauri. Ƙamshin da ya cika maka ɗakin girki, har ka ji daɗi kana cewa abu ya yi, shi ne wanda ya kamata ya zauna a kofi.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗora kofi 1 na ruwa da kofi 1 na sukari, kana juyawa har sukarin ya narke tas. Sai ka sauke. Bayan ka sauke ne za ka zuba busasshen fure babban cokali 1, ba tsororo ba, ka rufe da murfi. Murfin nan kada ka raina shi, shi ke mayar da tururin cikin ruwa. Idan an yi minti 10 ka buɗe ka ɗanɗana a bayan cokali. In ƙamshi ya kama, tace nan take. In da saura, ƙara minti 5, amma kada ya wuce minti 20 ko da me. Wajen tacewa kuma ka bar ruwan ya tsiyaye da kansa. Na san hannu zai yi maka ƙaiƙayi ka danna furen da cokali don kada a yi asara, amma abin da zai fito daga wannan dannawar ɗaci ne zalla.

Sai ka duba irin furen da ka saya. Lafanda ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ake kira ta Ingila, mai sanyin ƙamshi, ita ake sa wa a abinci. Akwai wata mai yawan kafur, wadda aka fi nomawa don sabulu da turare, kuma ko yaya ka lallaɓa ta sai ta yi maka warin magani. Abin da ya fi wannan muhimmanci: furen da aka sayar don ado ba na ci ba ne, domin ana yi masa feshin maganin ƙwari, wanki kuma ba ya raba shi da shi duka. Ka nemi wanda aka rubuta cewa na abinci ne ko na shayi. Mutane za su sha abin da ka miƙa musu ba tare da tambaya ba, wannan amana ce a wuyanka.

Shi ma lemon tsamin yana iya kawo nasa ɗacin. Ka matse shi lokacin da za ka haɗa, don ruwansa idan ya daɗe a ajiye yakan juya. Kada ka matse har ka kai ga farin da ke ƙarƙashin ɓawo, kuma ka tsince 'ya'yan.

Ma'aunin haɗi ba wuya: ruwan lemon tsami kashi 1, ruwan sukarin fure kashi 1, ruwa kashi 4. Amma ni ban cika zuba na furen duka ba. Nakan raba shi, rabi mai fure, rabi ruwan sukari tsura, sannan in ƙara a hankali ina ɗanɗanawa. Dalili kuwa, lemon tsami ne maigida a kofin nan, fure baƙo ne. So ake mai sha ya fara jin tsami da sanyi, sai ya haɗiye ƙamshin ya biyo baya ta hanci. Idan fure ne ya fara tarar harshe, ya yi yawa. Ɗan gishiri a bakin yatsa biyu cikin jug guda yana kwantar da ɗan ɗacin da ya rage. In da ruwan soda za ka yi, shi ne na ƙarshe, a kan ƙanƙara, ka juya sau ɗaya ka bari don kada kumfar ta mutu.

Idan ruwan furen wardi ka samu maimakon lafanda, ba ruwanka da tukunya, an riga an tatso shi. Fara da rabin ƙaramin cokali a lita 1, domin ya fi yadda kake zato ƙarfi.

Ka kuma yi ƙorafin cewa naka bai yi launin shunayya irin na hotuna ba. Ba zai yi ba. Lafanda ruwa-ruwan ƙasa take bayarwa. Launin da kake gani ko dai kala aka ɗiga, ko kuma an haɗa da wani shuɗin fure da ake shan shayinsa a Tailan da maƙwabtanta. Shi wannan idan ka jiƙa shi ruwan shuɗi ne, kana ɗiga lemon tsami sai ka ga ya juye shunayya a gaban idonka, in tsamin ya yi yawa ya koma ruwan hoda. Tsamin ne ke canza sinadarin launin. In kana so ka burge baƙi, ka bar zuba lemon tsamin sai kofi ya iso gabansu.

Ragowar ruwan sukarin ka zuba a kwalba mai tsabta mai murfi, ka sa a firij, zai kai mako 2. Ka ga ya yi gauraye ko ya fara tsami, zubar. Idan ka sake gwadawa ka kawo mini kaɗan a kwalba, ba ƙanƙara, in ɗanɗana, don sanyi yana ɓoye ɗaci.