Tambaya da Amsa: Wace sanda da wane zare zan saya don kamun karp a kogin Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ma'aikaci ne a nan Yamai, unguwar Gamkalle nake, ran Lahadi nakan sauka bakin kogi da fatsa in ɗan huta. Na ga bidiyo a YouTube Turawa na kama karp manya manya da doguwar sanda da muline, wato ɗan injin naɗe zare, to wana yana Faransa yace in faɗa mishi wacce nake so ya aiko min. Dan Allah wace iri zan ce, kuma wane zare?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin wanka ya ɓata kuɗinshi tsaya in gaya maka abu ɗaya, sunan ne ya ruɗe ka kamar yadda ya ruɗe mutane da yawa. Abin da masu saida kifi a Yamai suke kira karp da faransanci, karfasa ce, ita kuma ba danginsu ɗaya da wancan na bidiyo ba. Karp ɗin Turai kifi ne mai ƙiba da gashin baki gajere, yana kai kilo 10, kilo 20, har akwai waɗanda suka wuce 40 a tafkunan Faransa. Shi yasa sandarsu take mita 3,60, muline ɗin ƙato mai cin zare da yawa, zaren kuma mai kaurin milimita 0,30 zuwa 0,35, dan suna jifa da nisa ne su aje sanda bisa ƙarfe su zauna jira wani lokaci har kwana. Karfasar da zaka samu tsakanin gadar Kennedy da Saga fa? In ka kama mai kilo ɗaya ranar kayi sa'a, yawanci tafin hannu ne ko ta ɗan fi.

In ka ɗauki wancan kaya ka je ma karfasa wallahi ba zaka ji cizonta ba ma, ita tsattsaga take kaɗan kaɗan, ta cinye tanar ta tafi kana zaune sandar ko motsi bata yi ba saboda tauri. Ga wahalar ɗauka, sanda ce mai gida biyu, kowane gida mita 1,80, ka gwada hawa kabu-kabu da ita ka gani.

To ka ce mishi ya nemo maka sanda mara nauyi, mita 2,40 zuwa 2,70, ko irin mai shigewa cikin juna ta mita 3 wacce zata shiga jakka. Muline kuma mai lamba 2500 ko 3000 ya isa. Zare nilon 0,20 zuwa 0,25, a can zasu rubuta 20/100 ko 25/100 a jikin kwalin, abu ɗaya ne. Ƙugiya ƙanana, dalma kaɗan, da busho, wato ɗan abin nan da ke yawo bisa ruwa yana nuna cizon kifi, in babu busho guntun tsohon takalmin soso ma yana yi, da shi yaran bakin kogi suke aiki kuma suna kamawa.

Amma in zuciyarka na wajen babban kifi ne, to muna da namu, tarwaɗa da ragon ruwa da uwa uba giwan ruwa. Nan kam kayan karp ɗin suna da amfani, musamman muline ɗin nan da Shimano suka sa ma suna Baitrunner, mai ɗan maɓalli a baya da ke barin kifi ya ja zare ya tafi ba tare da ya fizge sandar cikin ruwa ba, sai ka juya hannun muline ɗin sannan ya kama. Lamba 5000 ko 6000, zare 0,35 zuwa 0,40. Giwan ruwa kuwa sai ka ƙara guntun zare mai kauri kamar 0,70 daga bakin ƙugiya, tsawon hannu, dan murfin kunnenta kaifi gare shi, tana girgiza kai sau biyu ta yanke siririn zare. Na taɓa rasa wata haka a wajen Gudel, na jawo ta har ina ganin azurfar jikinta da jan idon nan, kawai naji hannuna yayi sakayau, da na duba bakin zaren kamar an sa reza. Har yau abin na min ciwo.

Za'a ce maka ka sayi zaren saƙa, wanda suke kira tires, wai yafi ƙarfi. Gaskiya ne yafi ƙarfi in ka gwada kaurinsu, kuma baya miƙewa, amma kogin namu duwatsu ne a ƙasa, yana gogar dutse ya tsinke, ga tsada. Ni dai nilon nake ba sabon shiga shawara. Sai dai rana tana cinye shi, kar ka bar shi cikin mota ko bisa rufin kwano, kuma ka sake sabo duk shekara.

Abin da yafi sanda da zare duka shine birkin muline, ɗan murfin nan na sama da ake murɗawa. Mutane sai su ɗaure shi tamau, kifi na ja zare ya tsinke. Ga yadda zakayi a gida: duba kilo nawa aka rubuta zaren ke ɗauka, in 6 ne, zuba ruwa lita 2 a bokiti, ɗaura zaren a hannun bokitin ka ɗaga a hankali, ka dinga sassauta birkin har zaren ya fara zarewa daidai lokacin da bokitin ke barin ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku kenan, nan zaka bar shi.

Lokacin hunturu ƙura na shiga muline, ka goge ka ɗiga mai kaɗan ka sa shi cikin tsohuwar safa. Sandar karbon kuma wutar lantarki tana bin ta, in hadari ya taso ko kana ƙarƙashin wayar lantarki kwantar da ita. Ka leƙa wajen ma'aikatan ruwa da gandun daji ka tambayi maganar takardar izini, sannan ka gaida sarkawan wurin kafin ka jefa, su zasu nuna maka inda suka shimfiɗa mamari da inda dorina take fitowa.