Amsa ga mai neman waɗanda za su gwada masa manhajarsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka rubuta wani guntun manhaja da harshen kod na Python mai lissafin bashin taki da iri na ƙungiyoyin manoma, ka ɗora shi a GitHub, shafin da ake ajiye kod, don kowa ya ɗauka. A laftof ɗinka yana tafiya lafiya lau, amma abokinka na Aliero ya ce a tasa ko tashi bai yi ba. Ka kuma ji an ce akwai masu gwada irin waɗannan guntaye kyauta da na'urorinsu, kana son sanin ko gaskiya ne, da ko mai tsohuwar kwamfuta a Jega zai iya shiga cikinsu.

Gaskiya ne, akwai su, kuma na daɗe ina aika rahoto tare da su. Sai dai ka fara sanin abu ɗaya: ba wanda zai zauna ya karanta kod ɗinka layi-layi. Na'urarsu ce za ta sauke guntun, ta gina shi, ta gudanar da gwaje-gwajen da kai ka rubuta ka haɗa da shi, ta aika sakamako. Na leƙa ma'ajiyarka, ban ga gwaji ko ɗaya ba. A haka ko na'ura dubu ta ɗauke shi ba abin da za ta faɗa maka. Don haka aikin farko naka ne. Ka sa pytest, manhajar gudanar da gwaji a Python, ka buɗe foldar gwaji, ka rubuta abin da ka tabbatar da amsarsa: manomi ya karɓi buhu uku a kan farashi kaza, ya biya rabi, saura kaza. Sai ka bi da waɗanda ba ka son tunawa da su. Wanda ya biya fiye da bashinsa, wanda bai karɓi komai ba, wanda aka shigar da sunansa sau biyu.

Inda na koyi wannan harka shi ne wajen mutanen Perl, wani harshen rubuta manhaja kamar Python, kuma har yau ban ga tsarin da ya burge ni kamar nasu ba. Larry Wall ya fitar da Perl a 1987, rumbunsu na guntaye mai suna CPAN kuma ya fara aiki a 1995. A gefensa akwai 'yan sa kai da ake kira CPAN Testers. Ba kamfani ba ne. Mutane ne kowa da na'urarsa, wani Linux, wani Windows, wani FreeBSD ko OpenBSD ko Solaris, wani yana riƙe da Perl 5.8 na shekarar 2002, wani kuma sigar da ko fitowa ba ta yi ba. Kana ɗora guntunka, na'urorin nan za su fara janyo shi da kansu. Sakamakon iri huɗu ne. PASS, komai ya wuce. FAIL, wani gwaji ya faɗi. NA, guntun bai dace da wannan na'ura ko wannan sigar Perl ba tun asali. UNKNOWN, ginin ya gagara ko kuwa babu gwajin da za a gudanar, wato inda naka zai faɗa da a ce na Perl ne. Sai a jera maka duka a jadawali, sigogin Perl a tsaye, manyan manhajojin kwamfuta a kwance, kore da ja. Idan ka ga ja ya sauko a layin Windows kaɗai, ka san inda za ka nufa tun kafin ka buɗe rahoto ɗaya.

Mu da muka tashi cikin noman shinkafa wannan ba baƙon tunani ba ne. Sabon iri ba a yarda da shi don ya yi kyau a gonar gwaji. Sai an ba mai fadama a Argungu, an ba na Suru, an ba na bakin ruwa a Yauri, kowa da ƙasarsa da ruwansa, sannan a san irin da ake da shi. Laftof ɗinka ita ce gonar gwajin.

Wata dabara tasu da nake so ƙwarai: marubuci zai iya sa wa lambar siga ɗan layin ƙasa, kamar 1.02_01. Mai saukewa na yau da kullum ba zai samu wannan sigar ba, amma na'urorin masu gwaji za su ɗauke ta. Kana kwana biyu ka ga inda ta karye, ka gyara, sannan ka saki ta gaske ba tare da ka ɓata wa kowa aiki ba. Su kansu masu gina Perl haka suke yi da sabuwar sigar harshen, su gwada ta a kan guntayen CPAN su ga wanda ta karya. Mutanen harshen Rust suna da irin wannan, sunansa Crater. Na harshen R kuma, ma'ajiyarsu CRAN ba ta karɓar guntu sai ya wuce bincikenta.

To amma kai Python kake yi, kuma PyPI, ma'ajiyar guntayen Python, ba ta gwada maka abin da ka ɗora. Abin da ya fi kusa da kai shi ne GitHub Actions, kyauta ne ga ma'ajiyar da take a buɗe. Ɗan fayil ɗaya za ka rubuta ka ce a gudanar da gwajinka a Ubuntu da Windows da macOS, a sigogin Python uku ko huɗu, duk lokacin da ka tura gyara. Ka yi wannan a makon nan, datar da zai ci maka ba ta taka kara ta karya ba, tunda a can ake aikin. Ina kyautata zaton matsalar abokinka za ta fito nan take. Yawanci ba ta wuce biyu: ko akwai wani guntu da ka sa a kwamfutarka tuntuni ka manta ba ka rubuta shi cikin abubuwan da manhajar ke buƙata ba, ko kuwa ka buɗe fayil ba ka faɗi cewa tsarin haruffansa UTF-8 ne ba, Windows ta karanta shi da nata tsarin.

Sai dai na'urorin GitHub duk 'yan gida ɗaya ne. Sababbi ne, intanet ɗinsu ba ya yankewa, harshensu Ingilishi, agogonsu kuma yana kan lokacin UTC, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya. Ka duba naka lissafin: wanda ya tura kuɗi ƙarfe sha biyu da rabi na daren ɗaya ga wata, a agogon can sha ɗaya da rabi ne na ranar ƙarshen watan jiya. Idan ƙungiya tana rufe littafi wata-wata, kuɗin nan ya faɗa watan da ba nasa ba, kuma gwajinka zai nuna kore tsaf. Wannan ya sa nake cewa na'urar mutum a gidansa tana da abin da babban kamfani ba zai ba ka ba.

Ga wanda ya faru a hannuna. Ina haɗa wa wata ƙungiyar masu casar shinkafa rajistar manomansu, na yi amfani da wani guntu da ke mayar da suna ya zama haruffan Ingilishi zalla don sa wa fayil suna. Guntun yana da gwaje-gwaje masu yawa, jadawalinsa kore fes. Da aka buga jerin, sakataren ƙungiyar ya ɗora yatsa a kan takarda ya ce, wane ne "anladi"? Ɗanladi ne, Ɗ ta ɓace. Ƙasimu ya koma "asimu". Dalilin shi ne yadda guntun ke aiki: harafi irin é na Faransanci a Unicode, tsarin haruffan kwamfuta, ana iya raba shi biyu, e da 'yar alamar kansa, sai a yar da alamar a bar e. Namu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa rabuwa, kowanne harafi ne guda mai zaman kansa. Da guntun ya kasa raba su, sai ya share su gaba ɗaya. Marubucin ya gwada sunayen Faransa da Jamus da Sifen, bai taɓa ganin sunan Bahaushe ba, kuma na'urorin duniya duka abin da ya rubuta suke maimaitawa. Na rubuta gwaji na layi kaɗan da sunayenmu, na nuna abin da ya fito da abin da ya kamata ya fito, na aika masa. Ya gode, ya gyara, gwajin kuma ya zauna cikin guntun. Yanzu duk na'urar da ta ɗauke shi, ko ina take, sai ta tabbatar Ɗanladi ya fita da D ɗinsa.

Mu a Kebbi ma abin ya fi haka. Muna iyaka da Nijar, su suna rubuta ƴ, mu muna rubuta 'y. Ɗan kasuwar Kamba da abokin cinikinsa na Gaya za su rubuta suna ɗaya ta hanya biyu, manhaja ta ɗauke su mutum biyu. Ita kanta alamar da ke gaban y ɗin, wata waya miƙaƙƙiya take sa wa, wata lanƙwasasshiya, a ido kusan ɗaya, a wurin kwamfuta daban. Kuma ita ce alamar da ke rikita rumbun bayanai idan mai kod ya yi sakaci wajen shigar da suna. Ba wanda zai rubuta waɗannan gwaje-gwaje idan ba mu ba, shi ya sa nake ganin gudummawarmu a nan ta fi ta ba da na'ura nauyi.

Batun tsohuwar kwamfutarka kuwa, tsufanta ba aibi ba ne. Idan mai bit 32 ce ma an fi buƙatarta, don irinta sun yi ƙaranci, kuma a irinsu ne matsalar agogon da zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 ke bayyana. Hanya mafi sauƙi a Perl ita ce ka sa CPAN::Reporter na David Golden, ko cpanm-reporter idan da cpanm kake saukewa. Duk guntun da ka sauke don aikinka, rahotonsa zai tafi, sai dai shi cpanm-reporter sai ka gudanar da shi bayan saukewar. Wannan ya ishe ka farawa. Barin na'ura tana janyo guntaye dare da rana mataki ne na gaba, kuma yana cin data da wuta sosai.

Idan ka kai can, ka kiyaye abu biyu. Na farko, gudanar da gwajin wani daidai yake da ba baƙo izinin yin abin da ya ga dama a kwamfutarka. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa cikin xz, manhajar matse fayil da ake amfani da ita a Linux, sigogi 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH tana jan lokaci da kusan rabin daƙiƙa, kuma a cikin fayilolin gwaji aka ɓoye mugun kod ɗin. Kada ka yi wannan aiki a na'urar da kake shiga banki da ita ko wadda rajistar manoma ke ciki. Ka keɓe masa kwamfutar cikin kwamfuta da VirtualBox, ko akwatin Docker da za ka iya rushewa ka sake.

Na biyu ya fi shafar mu nan. Rahoton FAIL na ƙarya cuta ne. Intanet ya yanke ana tsakiyar sauke wani abu, ko faifai ya cika, ko zafin watan Afrilu ya sa laftof ta mutu da kanta, sai rahoto ya tafi cewa guntun wane ya faɗi. Mutumin can ɗan sa kai ne kamarka, zai kashe darensa yana neman ɓarakar da babu ita. Ni na fi gudanar da nawa da safe lokacin da sola ta kama kuma ɗaki bai ɗau zafi ba, kuma duk FAIL sai na buɗe na karanta kafin ya fita. Idan na ga alamar daga wajena ne, na sake gudanarwa. Ka sa adireshin imel da kake dubawa, domin marubuci zai iya dawowa ya ce ka sake gwada masa da wani gyara, kuma amsa masa na cikin aikin. Kai ma a naka guntun, gwajin da ke buƙatar intanet ka sa ya tsallake kansa idan babu, kada ya faɗi.

Ka rubuta gwajin farko guda biyar ko shida, ka haɗa da na tsakar daren ƙarshen wata da na suna mai ɗ da ƙ, ka kuma daina riƙe naira da kwabo a lamba mai ɗigo, ka koma Decimal, nau'in lamba na Python da ke riƙe kwabo daidai, don na ga haka ka yi a fayil ɗin lissafin. Idan ka tura, ka sanar da ni a nan. Ina da FreeBSD da wata tsohuwar Windows, zan gudanar maka a kansu in turo maka abin da ya fito yadda yake. Abokin naka na Aliero kuma ka ce ya kwafo maka saƙon kuskuren gaba ɗayansa daga layin farko, da sigar Python ɗinsa.