Amsa: Me ke sa ku bar fim a rabi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai fim ɗin da muka kasa ƙarasawa. Akwai mana! Ni dai ba tsawo ke korata ba, na sha zama awa 3 cur ban motsa ba. Abin da ke kashe min jiki shi ne in kai minti 30 ban san me jarumin yake nema ba. Na kwanan nan, mota ta fashe har sau biyu, ana ta harbe-harbe, amma ko sunan mutumin ban riƙe ba. Ina ganin na koma latsa waya, sai na kashe. Ga kuma kiɗan da ke danne magana, ka yi ta ƙara sauti kana ragewa. Wannan kam ba na yi masa uzuri.