Amsar tambayar Hajiya kan sababbin 'yan golf mata

Assalamu alaikum 'yan group, barkanmu da yamma. Hajiya, na ji saƙonki tun da safe, ina kasuwar Kantin Kwari ne, hayaniya ba ta bari in yi magana ba. Kin ce 'yarki da ke koyon golf ta nuna miki wata yarinya da ta ci kofi a shekararta ta farko a gasar LPGA ta Amurka, wato babbar gasar ƙwararrun 'yan golf mata, kina tambaya ko wannan ya isa a ce za ta yi nisa. To bari in faɗa miki yadda nake kallon abin, ni da na yi shekaru ina saɓa jakar sandunan mutane a filin golf na nan Kano.

Kofi ɗaya ba ya gaya miki komai sosai. Kwana huɗu ne fa. Wadda hannunta ya yi zafi a makon nan, duk ƙwallon da ta gangara sai ya faɗa rami, ita ce za ta ɗauka. Ki dubi Patty Tavatanakit 'yar Tailan: a 2021, tana sabuwa, ta lashe ANA Inspiration, ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar na mata. Kowa ya ce shi ke nan, an samu sarauniya. Ba ta sake cin wani kofin LPGA ba sai 2024. Ita kuwa Annika Sorenstam ta Suwidin, a 1994 aka ba ta kyautar gwarzuwar sababbi ba tare da ta ci kofi ko ɗaya a LPGA ba, amma kafin ta ajiye sanda ta tara 72. Kin ga ke nan.

Ni abin da na fara tambaya shi ne, daga ina ta fito? Domin kalmar "sabuwa" tana yaudara. Park Sung-hyun ta Koriya ta Kudu da ta zo a 2017 ta ci US Open ta mata, ai a 2016 kaɗai kofi bakwai ta ci a gasar ƙasarsu. Wannan baƙuwa ce kawai, ba 'yar koyo ba. Ba za ki auna ta da yarinyar da ta fito daga jami'a jiya, ko ta hauro daga ƙaramar gasa ta Epson, da mudu ɗaya ba.

Sai kuma tankaɗe. A yawancin gasanni, bayan kwana biyu ana sallamar kusan rabin 'yan wasa, su tafi ba ko sisi, ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga mai ɗaukar jaka yana jiran nasa. Yarinyar da ke tsallake wannan mako bayan mako, ko da ta 30 ko ta 40 take ƙarewa, wallahi na fi sa mata ido a kan wadda ta ci sau ɗaya aka sallame ta sau goma. Saboda filayen ba iri ɗaya ba ne. Mu nan mun sani: da hunturu ƙasa ta bushe ƙamas, ki buga ƙwallo ya yi ta gudu kamar an kore shi, har mai buga shi ya fara jin kansa. Da damina ta sauka, bugun nan dai, sai ƙwallon ya tsaya cak inda ya faɗi. Haka su ma, ciyawar Fulorida daban, ta Kalifoniya daban, iskar bakin teku a Sikotilan kuma wata duniya ce.

Amma inda na fi daɗewa ina kallo shi ne ramin da ke biye da ɓarna. Lokacin da nake ɗaukar jaka, idan maigida ya jefa ƙwallo cikin bishiyoyi, hannunsa nake kallo, ba fuskarsa ba. Wani zai fizgi sanda daga hannuna tun ban miƙa ba, to na san ramuka uku masu zuwa sun tafi. Wani kuma zai tsaya ya goge tafinsa a wando, ya ce min "yaro, nawa ya rage?" Wannan ba ya asarar fiye da bugu ɗaya. Pak Se-ri, 1998, tana sabuwa mai shekara 20, ƙwallonta ya tsaya a gaɓar ruwa a wasan raba gardama na US Open. Ta cire takalmi da safa, ƙafa fari tas, ƙauri kuma rana ta ƙona, ta shiga ruwan ta fitar da shi, daga baya ta ci kofin. Ko Jin-young kuma, gwarzuwar sababbi ta 2018, a shekarar da ta biyo ta yi ramuka 114 a jere ba ta wuce adadin bugun da aka ƙayyade wa rami ba ko sau ɗaya.

Don haka Hajiya, ki ce wa 'yar tamu ta buɗe shafin LPGA ta duba yarinyar: gasa nawa ta shiga, nawa ta tsallake tankaɗe, kuma sau nawa take kai ƙwallo dandalin rami a kan kari, wato bugu biyu a ramin da aka ƙayyade wa huɗu. Ta turo min alƙaluman nan cikin group, sai mu duba tare.