Riƙon Ummi da kalmomin da za ki tarar a Ingila

Ƙanwata, na ga saƙonki, kuma ina taya ki murnar samun gurbin digirin digirgir. Kin yi sa'a da karatun bincike ne, domin tun 1 ga Janairun 2024 aka hana yawancin masu zuwa digiri na biyu tahowa da iyali. Kin ce za ki zo da maigida da yaranki biyu da kuma Ummi, 'yar marigayiya yayarki, Allah ya jiƙanta da rahama, yarinyar da take hannunki tun tana shekara uku. Kin yi takardar rantsuwa a kotu cewa ke ce guardian ɗinta, kina tambaya ko ta wadatar, ko kuwa custody ya kamata a rubuta.

Na daɗe ina aikin tafinta a nan, kuma ba abin da na ga yana jefa mutanenmu cikin wahala kamar waɗannan kalmomi. Mu a gida riƙo kawai muke cewa. Uwa ta rasu, dangi suka zauna bayan addu'ar bakwai, aka ce wance ta ɗauki yarinya, magana ta ƙare. Bature ya raba riƙon nan gida-gida, kowane da sunansa da takardarsa.

Guardian ita ce ta fi ruɗi, saboda ƙamus zai ce miki waliyyi. Ba waliyyin aure ake nufi ba. A dokar yara ta 1989, guardian shi ne wanda iyaye suka naɗa a rubuce, galibi cikin wasiyya, ya tsaya a matsayinsu idan sun rasu, ko wanda kotu ta naɗa. To ga mahaifin Ummi da ransa. Ko da ya yi wani aure, ko da bai taɓa saya mata takalmi ba, a idonsu shi ne uba, kuma ba za a wuce da ita ba sai da yardarsa a rubuce. Sannan ofishin biza 'ya'yan ɗalibi yake ba izinin rakiya. Takardar rantsuwarki ba ta mayar da Ummi 'yarki a wurinsu. Ɗaukar ɗa irin na Turawa, wanda suke kira adoption, addininmu bai yarda a sauya wa yaro nasaba ba, kuma tun 2021 Birtaniya ta sa takunkumi a kan wanda aka yi a Najeriya.

Nan ne nake so ki saurare ni da kunnen basira. Za a samu mai ba ki shawara cewa ki rubuta ta cikin 'ya'yanki kawai, ai 'yarki ce. Na san har zuciyarki 'yarki ce, ƙanwar uwa ai uwa ce. Amma kada ki yi. Ƙarya a fom ɗin biza tana iya jawo hana shiga ƙasar har shekara 10, kuma ranar da likita ya tambayi tarihin haihuwarta, ko ita da bakinta ta gaya wa malamarta cewa mamanta ta rasu, asiri ya tonu. Mutanen nan suna da tabon da bai warke ba. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas daga Kodebuwa, Victoria Climbié, ta mutu a Landan saboda azabar wata 'yar uwar iyayenta da ta shigo da ita a matsayin 'yarta. Rahoton binciken da Lord Laming ya jagoranta a kan mutuwarta ya fito a 2003, sabuwar dokar yara ta biyo baya a 2004. Tun daga lokacin, yaron da ke hannun wanda bai haife shi ba, ido yana kansa.

Custody kuwa fuska biyu gare ta. Ta farko ita ce abin da alƙalanmu ke kira hadana, wato wanda yaro zai zauna a hannunsa bayan rabuwar aure ko mutuwa. Mutane na faɗinta a baki har gobe, a Amurka ma kotu na amfani da ita, amma kotunan Ingila sun ajiye ta tun dokar 1989. Yanzu umarnin kotu mai suna child arrangements order ne ke faɗin hannun wanda yaro zai zauna, sannan akwai parental responsibility, nauyin iyaye ke nan, ikon sa hannu a yi wa yaro tiyata ko zaɓa masa makaranta. Fuska ta biyu ita ce tsarewa. Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah aka kira ta a waya aka ce ɗanta is in custody. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, a zatonta an same shi yana hannu nagari. Ni ce na riƙe hannunta na gaya mata yana ofishin 'yan sanda a kulle. A ƙa'ida awa 24 suke riƙe mutum kafin su tuhume shi ko su sake shi, sai in an ƙara musu lokaci. Saboda haka kada ki rubuta kalmar nan a ko'ina sai lauya ya gani.

Protection tana da daɗin ji, kariya. Amma in wasiƙa ta zo gidanki da child protection a samanta, ana zargin yaro na cutuwa ne a cikin gidan, kuma ke ake bincike. 'Yan sanda na iya ɗauke yaro har awa 72 ba tare da sun je kotu ba. Bulalar da muka sha muka girma, in ta bar shaida a jikin yaro laifi ce a Ingila, a Sukotland da Wales kuwa duka kowane iri haramun ne, tun 2020 da 2022. Ki gaya wa maigida tun kafin ku hau jirgi. Haka ma care, in aka ce yaro yana in care, yana hannun ƙaramar hukuma ne.

Akwai kuma private fostering: yaro ƙasa da shekara 16 da ya kwana 28 ko fiye a gidan wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Ke inna ce, ba ki ciki. Amma in kika ajiye Ummi wurin ƙawa ko 'yar baffanki don ki tafi aikin bincike, ya shafe ku.

Kalmar da ta fi kusa da riƙonmu ita ce special guardianship, wadda ta fara aiki a Disambar 2005. Kotu na ba mariƙi ikon yanke hukunci a kan yaro har ya kai 18, ba tare da an raba shi da sunan ubansa ba. Cikin dalilan kawo ta har da al'ummomin da addininsu bai yarda da adoption ba. Sai dai kotun nan ce ke bayar da ita, ba tikitin shigowa ba ce.

Abin da nake so ki yi yanzu: ki tattara takardar haihuwar Ummi, da ta rasuwar yayarki, da rasit na makaranta da katin asibiti masu sunanki, ki je ki zauna da mahaifinta cikin mutunci. Ki nemi lauyan shige da fice mai rajista a nan Birtaniya kafin ki biya ko sisi na biza. Ki kuma yi shawara da Hajiya a kan inda Ummi za ta zauna idan amsar ta zo ba yadda muke so ba, kuma ki gaya wa yarinyar gaskiya da kanki, kada ta tsinta a bakin wani. Ki turo mini hoton takardun ranar Asabar, ina gida. A gaida Hajiya da yara.